KUMBURIN MARFIN MAƘOGWARO: YADDA ZA A GANE SHI KAFIN NUMFASHI YA YANKE



Gabatarwa

Cutar da zan yi magana a kanta yau ba ta cika yawa a ƙasarmu ba, har ma akwai likitoci da ma'aikatan jinya waɗanda za su yi shekara da shekaru suna aiki ba su yi arba da ita ba. Mai yiwuwa wani ya ce, to, me ya kai mu ɓata lokaci a kan baƙuwar cuta, alhali ga zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ƙyanda suna cika mana asibitoci? Dalili biyu gare ni. Na farko, cuta ce wadda take iya ɗaukar yaro lafiyayye da hantsi, kafin asubahin gobe ta toshe masa hanyar numfashi. Na biyu kuwa, kusan duk abin da tausayi zai sa mutum ya yi wa irin wannan yaro, watau a kwantar da shi, a buɗe bakinsa a duba, a ɗura masa magani, shi ne abin da yake iya ƙarasa shi. Saboda haka a nan ba kyakkyawar niyya kaɗai ake bukata ba, sai an haɗa da sani. Wanda ya san alamomin, ko da bai taɓa shiga ajin likitanci ba, yana iya zama sanadin tsirar rai.

Zan kafa misalaina da Fagge da Sabon Gari, domin wurare ne da kowa a nan ya sani, masu cunkoson jama'a, kusa da manyan asibitoci, amma kuma masu kemis da wanzamai sun fi asibitin kusa da ƙofar gida.

Mene ne marfin maƙogwaro?

A cikin wuyan ɗan Adam akwai hanyoyi biyu da suke jere da juna. Ta gaba ita ce hanyar iska wadda take gangarawa zuwa huhu, ta baya kuwa ita ce hanyar abinci wadda take zuwa ciki. Duka biyu daga wuri guda suka taso, can bayan harshe. To, Allah cikin hikimarsa ya sanya wani ɗan guringuntsi mai siffar ganye a tushen harshe, daidai bakin hanyar iska. Idan mutum yana numfashi sai ya tsaya a miƙe, iska ta wuce. Idan kuwa ya zo haɗiya, sai ya kwanta ya rufe hanyar iska, loma ta bi ta kansa ta faɗa hanyarta. Wannan shi ne marfin maƙogwaro, wanda likitoci suke kira efiglotis, kumburinsa kuma suke ce masa efiglotaitis. Duk wanda ya taɓa ƙwarewa da ruwa yana cikin dariya ya ɗanɗana abin da ke faruwa idan marfin nan ya makara da daƙiƙa ɗaya.

Lalle ne a nan in rarrabe tsakaninsa da beli, domin mutane da yawa suna gwama su. Beli shi ne ɗan naman nan da yake reto daga ganda, wanda kowa yake iya gani idan an wangame baki, kuma shi ne wanda wanzamai suke cirewa. Marfin maƙogwaro kuwa yana can ƙasa, ba a ganinsa sai da madubi ko na'urar likita. Askar wanzami ba ta kai gare shi, cire beli kuma ba ya rage masa kumburi ko kaɗan.

Abin da ya sa kumburinsa yake da haɗari shi ne ƙuncin wurin. Mu ɗauki misali da hanyar iskar jariri, wadda faɗinta bai wuce kamar milimita 4 ba. Idan bangonta ya kumbura da milimita 1 kacal ta kowane gefe, faɗin ya koma milimita 2, kuma lissafi ya nuna kashi 75 cikin 100 na sararin ya tafi ke nan. Ga babba mai milimita 8, kumburi iri ɗaya kashi 44 cikin 100 yake cinyewa. Wannan ne ya sa abin da babba zai jure na kwana biyu, yaro ba zai jure shi na wuni ɗaya ba. Daɗin daɗawa, marfin da ya kumbura yakan yi nauyi, ya zama kamar dutse a bakin rijiya, motsi kaɗan zai sa ya faɗa ya toshe ta.

Abin da ke kawo ta

Babbar mai kawo wannan cuta ga yara wata ƙwayar bakteriya ce da ake kira Hemofilos infuluwenza nau'in b, a taƙaice Hib. Wani Bajamushe, Richard Pfeiffer, shi ya fara gano ta a shekarar 1892, ya zaci ita ce ke kawo mura mai tsanani, shi ya sa ta sami wannan suna, ko da yake daga baya an gane ba ita ba ce. A 1931 wata Ba'amurkiya, Margaret Pittman, ta nuna cewa ƙwayar tana da nau'i shida masu kwanso, kuma nau'in b shi ne mafi ɓarna. Tana yaɗuwa ta tari da atishawa, ta zauna a hanci da maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta yi musu kome ba. Amma idan ta kutsa cikin jinin yaro, sai ta kawo sanƙarau, ko ciwon huhu, ko kumburin marfin maƙogwaro. Masu sikila da waɗanda garkuwar jikinsu ta raunana sun fi shiga haɗarinta.

A ƙasashen Afirka ƙwayar Hib ta fi kama jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya, kuma ta fi bayyana da sanƙarau da ciwon huhu. Kumburin marfin maƙogwaro kuwa ya fi samun 'yan shekara 2 zuwa 6, shi ya sa aka fi saninsa a Turai da Amurka. Amma ƙarancinsa a wurinmu shi kansa haɗari ne, domin abin da ido bai saba gani ba shi ne hankali yake mantawa da shi ran da ya zo.

Ba Hib kaɗai ba ce sanadi. Wasu ƙwayoyin bakteriya, irin waɗanda suke kawo ciwon huhu da ciwon 'yan wuya, su ma suna kawo ta, musamman ga manya. Har ila yau marfin yana iya kumbura saboda ƙuna, kamar yaron da ya kurɓi tafasasshen shayi ko kunu, ko ya sha ruwan sodar da ake haɗa sabulu da ita a gida, ko wanda ya shaƙi zazzafan hayaƙi a gobara. Mazauna kusa da kasuwannin Sabon Gari da Kantin Kwari ba sa bukatar a gaya musu abin da gobara take yi.

Alamomin cutar ga yaro

Mu ƙaddara wani yaro ɗan shekara 4 a wani lungu na Fagge. Da safe ya sha kokonsa, ya fita wasa da 'yan'uwansa. Da azahar ya dawo jiki zafi rau, yana cewa wuyansa na ciwo. Uwarsa ta aika kemis aka sayo farasitamol. Da magariba aka ba shi tuwo ya ƙi, aka ba shi ruwa ya kau da kai. Bayan isha'i aka shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi kwanciya. Ga shi nan zaune ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya karkato gaba, ya ɗaga haɓa, baki a buɗe, miyau yana dalala har ƙirjin rigarsa. Ba ya kuka, ba ya tari, sai dai idanu kawai da yake bin mutane da su cikin firgita. Kakarsa ta ce beli ne ya sauko, a kira wanzami. Maƙwabciya ta ce a ɗura masa jiƙo. Ubansa ya ce tun da ya yi shiru, a bari sai da safe.

Jama'a, duk alamomin da likita yake nema suna cikin wannan labari. Bari in jero su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, saurin cutar. Zazzaɓi mai zafi, sau da yawa digiri 39 ko fiye, da ciwon wuya, su taso cikin 'yan sa'o'i, yaro ya galabaita tun kafin a kwana.

Ta biyu, kasa haɗiya. Ba ƙin abinci irin na mai zazzaɓi ba ne. Yana jin ƙishirwa, amma zafin haɗiya ya fi ƙarfinsa.

Ta uku, dalalar miyau. Yaron da ya wuce shekarun fitar haƙora, ya koma zubar da miyau yana cikin zazzaɓi, to, ko miyan bakinsa ya kasa haɗiyewa ke nan. Wannan alama tana da girma ƙwarai.

Ta huɗu, canjin murya. Muryar ba ta dishewa irin ta mai mura. Takan toshe ne, kamar mai magana da loma a baki, kuma yaron yakan guji magana gaba ɗaya.

Ta biyar, irin zamansa. Da kansa ya gano cewa idan ya zauna ya miƙa wuya gaba, marfin yakan ɗan janye daga bakin hanyar iska. Ba taurin kai ya hana shi kwanciya ba, ransa yake karewa.

Ta shida, rashin tari. Yawancin cututtukan maƙogwaro da tari suke zuwa, wannan kuwa ba ta cika zuwa da shi ba.

Ta bakwai, wani siririn sauti mai kama da fito da ake ji idan ya ja numfashi, tare da lotsawar ramin wuya da tsakanin haƙarƙari. Ina roƙonku kada ku jira wannan alama, domin takan zo a makare. Idan kuwa har leɓɓa da farce suka koma toka-toka, ko yaro ya fara gyangyaɗi da langaɓewa, ko sautin nan ya ragu alhali yaron yana ƙara galabaita, to, ba sauƙi ba ne, iskar ce ta kusa daina wucewa. Ƙwaƙwalwa kuma ba ta jure rashin iska fiye da minti 4 zuwa 6 ba tare da ta fara lalacewa ba.

Kun ga ashe kuskuren uban yaron nan shi ne mafi saurin shiga zuciya. Mun saba auna tsananin ciwo da ƙarfin kuka. A wannan cuta kuwa yaron da ya yi tsit shi ne abin tsoro, domin duk ƙarfinsa ya tattara shi a kan numfashi ɗaya bayan ɗaya.

Wani abin lura kuma, Sabon Gari, wanda aka kafa jim kaɗan bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, matattara ce ta harsuna da yawa, haka ma Fagge wadda tun asali zangon fatake ce. Ma'aikacin lafiya a nan yana iya haɗuwa da uwar da ba ya jin harshenta. To, alamomin nan ba sa bukatar tafinta. Daga bakin ƙofa ake ganinsu.

Alamomin cutar ga babba

A ƙasashen da rigakafin yara ya kafu, yanzu manya ne suka fi kamuwa da wannan cuta, musamman masu ciwon sukari da masu raunin garkuwar jiki. Ga babba takan ɗauki kwana ɗaya ko biyu tana ruruwa. Babbar alamarta ita ce ciwon wuya mai tsanani wanda ya fi ƙarfin abin da ido yake gani. Mutum ya zo yana cewa haɗiyar miyau kamar haɗiyar reza, a haska bakinsa a ga 'yan wuya lafiya lau, ba ja, ba ruwa. Sai a ba shi ƙwayoyi a sallame shi, alhali kuwa wutar tana can ƙasa inda fitila ba ta kai ba. Idan aka haɗa wannan da toshewar murya, da tara miyau a baki, da jin zafi idan an taɓa gaban wuya, da ƙin kwanciya rigingine, to, a ɗauka marfin maƙogwaro ne har sai likita ya tabbatar ba shi ba ne.

Tarihi ya ajiye mana misali. Joj Washinton, shugaban Amurka na farko, ya yi yawo a gonarsa bisa doki cikin sanyi da ƙanƙara ranar 12 ga Disamba, 1799. Kashegari ya tashi da ciwon wuya. Kafin asubahin 14 ga wata ya kasa haɗiya, magana da numfashi suka yi masa wuya. Likitoci uku suka taru a kansa, aka yi ta tsaga masa jijiya ana zubar da jini bisa ilmin wancan zamani, har aka fitar da fiye da lita 2. Ƙaramin cikinsu, Elisha Dick, ya ba da shawarar a huda maƙogwaro ta gaban wuya domin iska ta sami hanya, manyan suka ƙi. Da daren ranar ya rasu yana da shekara 67. Likitoci da yawa da suka yi nazarin labarin daga baya sun tafi a kan cewa kumburin marfin maƙogwaro ne ya kashe shi. Darasin a fili yake: an yi ta yi wa jiki magani, an bar hanyar iska.

Cututtukan da suke kama da ita

Ta farko kuma mafi kusa da mu ita ce mashaƙo. Daga ƙarshen shekarar 2022 zuwa cikin 2023 annobar mashaƙo ta ɓarke a Nijeriya, kuma mafi yawan waɗanda aka tabbatar sun kamu a Jihar Kano suke. An yi jinyar mutane da yawa a Asibitin Murtala da Asibitin Zana, wanda yake nan cikin Ƙaramar Hukumar Fagge. Tun daga lokacin, duk yaron da ya zo da ciwon wuya mashaƙo ake fara zato, kuma da gaskiyar masu zaton. Amma akwai bambanci. Mashaƙo yakan zo a hankali cikin kwana biyu ko uku, zazzaɓinsa ba ya cika zafi, wuya yakan kumbura ta waje, kuma akwai wani tantani mai launin toka da yake manne wa 'yan wuya. Kumburin marfin maƙogwaro kuwa cikin sa'o'i yake zuwa, da zazzaɓi mai zafi. Inda matsalar take shi ne, ana gane mashaƙo ta hanyar duba maƙogwaro, alhali duba maƙogwaron yaro mai kumburin marfi yana iya kashe shi. Saboda haka ƙa'idar ita ce a kalli yaro tukuna kafin a taɓa shi. Idan yana zaune yana dalalar da miyau yana kokawa da numfashi, ba a buɗe bakinsa sai a inda aka shirya kayan buɗe hanyar iska.

Ta biyu ita ce wadda likitoci suke kira kuruf, watau kumburin ƙasan maƙogwaro wanda ƙwayar bairos take kawowa ga 'yan wata 6 zuwa shekara 3. Takan fara da mura, sa'an nan tari mai ƙara kamar haushi, da dishewar murya. Mai kuruf yana shan ruwa, yana iya kwanciya, ba ya dalalar da miyau. A taƙaice, mai kuruf yana tari ba ya dalala, mai kumburin marfi yana dalala ba ya tari.

Ta uku ita ce shaƙewa da wani abu, kamar gyaɗa, ko ƙwallon dabino, ko kwabo. Wannan farat ɗaya take faruwa, yaro yana cikin ci ko wasa, ba zazzaɓi, kuma da tari mai ƙarfi. Ita ce ake yi wa bugun baya. Mai kumburin marfi kuwa ba abin da ya maƙale masa, bugun baya sai dai ya firgita shi.

Ta huɗu ita ce ƙurji a gefen 'yan wuya ko a bayan maƙogwaro, wanda shi ma yakan kawo dalala da toshewar murya. Ba aikin iyaye ba ne su rarrabe waɗannan. Dukansu asibiti suke bukata a daren, ba da safe ba.

Abin da ba a yi, da abin da ake yi

Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ga abubuwa biyar da ba a yi.

Ba a kwantar da yaron, domin kwanciya tana tura marfin baya ya rufe hanya. Ba a danna harshensa da cokali, ko yatsa, ko ɗan katakon asibiti, domin taɓa wurin yana iya sa maƙogwaro ya ɗame gaba ɗaya. Ba a yi masa ɗura, ko ta ruwa, ko ta jiƙo, ko ta rubutu, ko ta maganin kemis. Mai son yin addu'a ya yi ta a bakinsa ana cikin tafiya. Ba a kai shi wurin wanzami, domin cire beli ya haɗa dannewa da wangame baki da zubar jini a wurin da iska take neman hanya da ƙyar. Sa'an nan ba a sa shi kuka, ba a raba shi da uwarsa, ba a yi masa allura a kemis. Kuka yana ƙara bukatar iska, yana kuma ƙara jawo marfin cikin hanya.

Abin da ake yi kuwa kaɗan ne. A bar shi a irin zaman da ya zaɓa, a kan cinyar uwarsa ko wanda ya fi sabawa da shi. Kada a goya shi, domin goyo yana matse ƙirji, kuma uwa ba ta ganin fuskarsa. A rage taron jama'a da koke-koke. A nemi mota ko adaidaita sahu nan take, a nufi babban asibiti mai ɗakin tiyata da likitan sa barci, irin su Asibitin Murtala da ke daf da Ƙofar Mata, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke hanyar Zariya. Daga Fagge ko Sabon Gari tafiyar ba ta da nisa, abin da ke cin lokaci shi ne biye-biyen kemis da ƙananan ɗakunan shan magani, da jiran mai gida ya dawo ya ba da izini. Ina kira ga magidanta da su ba iyalinsu izini tun yau, cewa in dai numfashi ne, a tafi kawai a same su a can. Da an isa kuma kada a shiga layin karɓar kati. A nufi sashen gaggawa a ce, yaro ba ya iya haɗiya, yana dalalar da miyau, numfashi yana yi masa wuya.

Idan har numfashi ya tsaya a hanya yaro ya sume, a nan ne kaɗai ake kwantar da shi, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska baki da baki tare da danna ƙirji. Sau da yawa iskar da aka hura da ƙarfi tana iya ratsa gefen marfin da ya kumbura.

Abin da ake yi a asibiti

Ga ɗaliban likitanci da jinya da ke cikinmu, tsarin aikin shi ne hanyar iska tukuna, sauran su biyo baya. A bar yaro a jikin uwarsa, ita ta riƙe masa robar oksijin kusa da fuska ba tare da an ɗaure masa ita ba. A kira babban likitan yara, da likitan sa barci, da likitan kunne da hanci da maƙogwaro, su zo tare. Ɗibar jini da sa ƙarin ruwa su jira. A ɗakin tiyata ake sa shi barci da iskar shaƙa yana zaune, sa'an nan a duba, a ga marfin ya yi ja ya kumbura, a zura bututun numfashi wanda ya ɗan fi na shekarunsa ƙanƙanta, likitan tiyata kuma yana tsaye da kayan huda maƙogwaro ko da bututun zai ƙi shiga. Bayan haka ne ake ɗibar jini, a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, irin su seftiriyakzon, na kwana 7 zuwa 10.

Hoton wuya ta gefe yakan nuna marfin ya yi kauri kamar babban yatsa, amma ba a tura yaro mai wahalar numfashi ɗakin hoto, balle a tura shi shi kaɗai da uwarsa. Manya da yawa ba sa bukatar bututu, sai dai a kwantar da su inda ido yake kansu dare da rana, kayan aiki kuma a kusa. Abin farin ciki shi ne, idan aka kare hanyar iska a kan lokaci, kumburin yakan saɓe cikin kwana 2 ko 3, a cire bututu, yaro ya koma gida garau. Idan Hib ce, kuma a gidan akwai ƙaramin yaro wanda bai cika rigakafinsa ba, likita yakan ba mutanen gidan maganin rifamfisin na kwana 4.

Rigakafi

Kafin zuwan allurar Hib, yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin 20,000 ne suke kamuwa da munanan cututtukanta kowace shekara a Amurka. Bayan fitowar ingantacciyar allurar a 1987, adadin ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100. A nan Afirka ta Yamma an gwada ta a Gambiya daga 1993 zuwa 1995, ƙasar ta shigar da ita cikin rigakafin yara a 1997, kuma sanƙarau na Hib ya kusa ɓacewa a can. Nijeriya ta fara ba da ita a 2012 cikin allurar nan mai suna Penta, wadda ta haɗa kariya daga cututtuka biyar: mashaƙo, da tarin shiƙa, da sarƙe-haƙora, da ciwon hanta nau'in B, da Hib. Ana yin ta sau uku, a mako na 6, da na 10, da na 14 bayan haihuwa, kyauta a asibitocin gwamnati.

Ba na mantawa cewa Kano tana da dalilan da suka sa wasu suke ɗari-ɗari da allura. Gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da dakatar da rigakafin shan inna daga 2003 zuwa 2004, duk sun bar tabo a zukata. Amma annobar mashaƙo ta nuna mana kuɗin da ake biya idan aka bar yara ba rigakafi. Allurar da take kare yaro daga mashaƙo ita ce dai take kare shi daga Hib. Duk yaron da mashaƙo ya samu a buɗe, to, ƙofar Hib ma a buɗe take gare shi.

Kammalawa

Jama'a, ga abin da nake so kowa ya fita da shi daga wannan zaure. Ma'aikacin hukuma, in ka koma gida yau, ka nemi katin rigakafin 'ya'yanka ka duba ko Penta ta cika uku, ka kuma tambayi maƙwabcinka. Ɗalibi, ka faɗa wa mai kemis na unguwarku da wanzamin gidanku abin da ka ji, cikin ladabi, domin su ne ake fara kai wa yaro, kuma kalmarsu ta "ku wuce asibiti" tana da nauyi a wurin iyaye. Kowa kuma ya riƙe wannan siffa a ransa: yaro mai zazzaɓi, yana zaune ya miƙa wuya, miyau yana dalala, ba tari, ba kuka. In ka gan shi, kada ka kwantar da shi, kada ka buɗe bakinsa, kada ka ba shi kome. Ka ɗauke shi a zaune zuwa babban asibiti a wannan sa'a.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kare mana zuriya, ya sa abin da muka ji ya amfane mu.